Shagon Malachy a Daren Halowin

Shigo ki rufe ƙofar, Nessa, ruwan Sligo ba ya sallama.
Kakkaɓe laimar a waje. Yawwa.
Kin ce fim kike so na ban tsoro,
wanda zai sa ƙawayenki su kwana da fitila a kunne.
Kin zo inda ya dace.
Shagon faifai ɗaya ya rage a garin nan,
ni ma ni kaɗai na rage a cikinsa.

Rabu da na kantar sama.
Jini ne zalla, bokiti-bokiti,
wani ƙato da gatari yana fafarar matasa a jeji.
Wannan ai mahauta ce, ba tsoro ba.
Ku yi ihu sau uku, ku ci gugguru, ku manta.
Tsoron gaske ba ya gudu, yarinya,
tafiyar hawainiya yake yi,
ya zo gefen gadonki ya zauna, ya tuɓe takalmi.

Karɓi wannan, mara kala, ya girmi uwarki.
Masunci ne ya dawo bayan shekara bakwai a teku,
matarsa ta zuba masa miya,
yara suna tsalle,
kare kaɗai ya ƙi shigowa ɗakin.
Bakina da goro, ba zan ƙara ba.
Ki dai lura da ƙasan kujerarsa:
kullum a jiƙe.

Mai jan kwalin can kuwa, wata malama ce
da ke ƙirga ɗalibanta kowace safiya.
Ashirin da biyu a rajista,
ashirin da uku a kan benci,
kuma duk fuskar da ta duba, ta san ta.
Fintan mai gidan burodi ya ara bara,
ya maido shi da asuba, ɗaure cikin buhun fulawa,
ya ce in ba shi na barkwanci, canjin ma ya yafe.

Ku kashe wayoyin nan naku.
Kyandir ɗaya ya isa, a cikin kabewa, bakin taga.
In 'yan neman alewa sun ƙwanƙwasa
da fuskokinsu na roba da haƙoran aro,
ku ba su, amma kar ku tsayar da fim ɗin.
Faɗuwar gaban nan ma tana cikin kuɗin haya.

Wanne? A'a.
Ajiye wannan kaset ɗin, ba na haya ba ne.

Dare irin na yau, shekara tara ke nan,
muna tsakiyar kallonsa ni da Bridie,
ta ce, tsayar da shi, Malachy, in ɗora shayi,
kar ka kuskura ka ci gaba ba ni.
Na tsayar.
Matar cikin fim ɗin ta ɗora hannu a mariƙin ƙofa,
ta daskare a nan.
Na ji buta tana fito daga kicin,
tana fito,
tana fito,
ba mai sauke ta.

Zaren yana nan inda ta bar shi,
minti arba'in da ɗaya.
Har yau ban san abin da ke bayan ƙofar can ba.
Na dai san na bayan tawa:
kofi biyu, kujera biyu,
da agogo mai yawan surutu.

To, Yuro huɗu ne. Ki maido su Litinin.
In abin ya kai miki iya wuya,
ki damƙi hannun wadda ke kusa da ke,
don haka ake yin finafinan nan,
masu yin su ma ba duka suka sani ba.

Tsaya. Kar ki ja ƙofar gaba ɗaya,
bar ta a ɗan sake.
Kakata takan ce a daren nan
waɗanda suka riga mu sukan zagayo gida
su ji ɗumin murhu.
Ban ce na yarda ba.
Na dai ɗora buta.